Kyandir a Tsakiyar Kasuwa

A gidanmu da ke Jekadafari, in an idar da sallar isha'i aka kwashe kwanuka, wayar Adda ce majigin gida. Za a jingina ta da filas ɗin shayi, mata huɗu ko biyar su kewaye ta a kan tabarma, a ɗora daga inda aka tsaya jiya. Fim ɗin Koriya ne mai dogon zango, wanda aka karɓo wajen masu tura fina-finai a waya. Magana ɗaya ce ba ta ɓacewa a zaman: "Kai, mutanen nan sun cika jan rai!" Wata rana Goggo ta ƙirga da yatsunta ta ce, "Kashi shida ke nan, ko hannunta bai riƙe ba. Yaron nan akwai kunya, sai ka ce ɗan Fulani."

Na daɗe ina sauraron hukuncin da suke yankewa, wannan jarumi ya iya kallo, waccan uwar miji ba ta da imani, wancan labari ya lalace a tsakiya. Daga baya na gane cewa duk abin da suke yabo ko kushewa aikin hannun mutum ɗaya ne da ba sa ganin fuskarsa, wato marubuci. A Koriya ta Kudu kuwa mafi yawan masu wannan sana'a mata ne, kuma sunansu kan ja 'yan kallo kamar yadda sunan jarumi ke ja. Kim Eun-sook ce ta rubuta Secret Garden a 2010 da Descendants of the Sun a 2016. Park Ji-eun ce ta rubuta My Love from the Star a 2013 da Crash Landing on You a 2019. Jan ran da ke hana Adda barci, a teburin irin waɗannan mata aka auna shi.

Awo ne farkon aikin, kamar tela da yadi. Labarin soyayya na zamani yakan zo kashi 16, kowanne wajen awa guda ko fiye, ana nuna biyu a mako. Na tarihi sukan fi tsawo: Jumong, wanda samarin Gombe suka yi yayinsa a zamanin faifai, kashi 81 ne, labarin Jang-geum kuma 54. Tunda marubuciya ta san tsawon yadinta, tun kafin ta sa almakashi ta san inda wuya zai zauna da inda aljihu zai faɗa. Takan fara da wata takarda mai kauri da ke bayyana manufar labarin da tarihin kowane mutum a cikinsa: wace ce uwarsa, me ya taɓa rasawa, me yake tsoro, wace ƙarya yake yi wa kansa. Da yawa daga abin da ke cikin takardar ba za a furta shi a fim ba, amma shi ke sa mutum ya yi abin da ya dace da halinsa.

Sai bincike. Babbar marubuciya tana da mataimaka, ana ce musu bojo jakga, wato ƙananan marubuta masu taya aiki. Su ke zuwa asibiti in labarin likita ne, su zauna a kotu in na lauya ne, su dawo da kalmomin da masu sana'ar ke faɗa da bakinsu. Da Park Ji-eun za ta rubuta Crash Landing on You, labarin attajirar Seoul da guguwa ta jefa Koriya ta Arewa, sai aka yi ta hira da mutanen da suka tsero daga can. Har aka sa Kwak Moon-wan, wanda ya karanci harkar fim a Pyongyang kafin ya tsere, cikin masu rubutun. Shi ya sa ƙauyen da ke cikin fim ɗin ya fito da rai: yadda ake adana abinci ba firji, yadda matan unguwa ke taruwa ƙarƙashin matar babban soja, yadda ake ɗauke wuta ba sallama. A wannan wurin matan gidanmu sun yi dariya sosai, domin sun ga abin da suka sani.

Bayan haka sai a gina katanga. Soyayyar da ba abin da ya tare ta, kashi biyu ya ishe ta. Dole a sami abin da zai raba masoyan wanda ba wauta ba ce, ko tazarar arziki, ko alkawarin iyaye, ko kuma iyakar ƙasa mai cike da nakiyoyi da sojoji. Mai karatun littattafan Hausa ya san wannan tun daga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, inda dukiya da talauci suka tsaya tsakanin masoya. Gwaninta ita ce katangar ta kasance mai gaskiya, yadda ɗan kallo da kansa zai rasa ta inda za a ɓullo.

Halin mutum kuma ba a shelarsa, nuna shi ake yi. Kim Young-hyun, wadda ta rubuta labarin Jang-geum da tashar MBC ta fara nunawa a 2003, ta samo sunan ne daga 'yan layuka a kundin tarihin daular Joseon, inda aka ambaci wata likita mace a fadar Sarki Jungjong. Ba ta sa kowa ya tsaya yana cewa yarinyar nan haziƙa ce ba. Ta kai ta madafar fada tana ƙarama, aka ɗanɗana wani girki aka tambayi abin da ya zaƙaƙa shi. Wata ta ce sukari ne, ita kuwa ta ce nunannen ɗan itacen nan ne na ƙasarsu, ɗan'uwan kanya. Da aka nemi dalilinta, ba ta da wani dalili sai cewa shi harshenta ya ji. A fitowa ɗaya an nuna kaifin harshenta da gaskiyarta da irin baƙin jinin da gaskiyar za ta jawo mata.

Inda na fi sara musu shi ne shuka da girbi. Koriyawa na ce masa bokseon, wato a binne wani ƙaramin abu da wuri a bar shi ya tsiro daga baya. A farkon Crash Landing on You, Se-ri, attajirar nan da ta saba da daula, ta nemi a sayo mata kyandir mai ƙamshi. Kyaftin Ri, jarumin labarin, bai san irinsa ba, ya kawo mata kyandir na haska ɗaki. 'Yan kallo suka yi dariya suka wuce, suna zaton raha ce kawai. Bayan ɗan lokaci sai ta ɓace a kasuwa, duhu ya rufe, tsohon tsoronta na yarinyar da aka taɓa yasarwa ya taso mata. Can cikin cunkoso sai ga haske ɗaya an ɗaga sama. Shi ne, riƙe da kyandir, kuma wannan karon mai ƙamshin ne. Bai ce yana son ta ba. Ya dai saurare ta, ya riƙe maganar, ya je ya nemo. Marubuciyar ta haɗa raha da ciwon yarinta da ɗauke wuta, ta ɗaure su da zare ɗaya, kuma kowane ƙulli an shirya shi tun kafin a kunna kyamara. A daren da muka kalli wurin nan, tsit tabarmar ta yi.

Harshen ma kayan aiki ne. Yaren Koriya yana da maganar girmamawa, jondaenmal, da maganar sabo, banmal, kuma ƙarshen kowace jimla yana nuna wacce ake yi. Masoya kan shafe kashi da yawa suna magana irin ta baƙi. Ranar da ɗaya ya sauko zuwa maganar sabo, ko ta daina kiransa da muƙaminsa ta ce oppa, ranar an tsallake wani kogi. Oppa kalma ce da mace ke kiran yayanta namiji da ita, ko wanda ta ɗauka kusa da haka. Mu a Gombe ba ma buƙatar dogon bayani, domin mun san abin da ya faru ranar da budurwa ta bar cewa Malam ta koma cewa Hamma. Fassarar Turanci da ke gudu a ƙasan allo takan zubar da wannan duka, amma kunnen Adda ya riga ya koyi kama shi.

Akwai kuma saurayi na biyu, mai kirki da haƙuri, wanda ba zai samu ba. Aikinsa shi ne ya zama ma'auni, domin in ta bar mutumin kirki irin wannan, to lallai abin da ke tsakaninta da ɗayan ya wuce lissafi. A kansa ake raba gari a gidanmu, Goggo kullum tana bayansa.

Duk wannan ana yinsa ne cikin matsi. Shekaru da yawa al'adar ita ce a fara nuna fim alhali ba a gama ɗaukarsa ba, marubuciya na rubuta kashi na goma ana kallon na shida. Tana jin ra'ayin jama'a, tana iya faɗaɗa rawar wanda aka so. Wani lokaci shafi-shafi ake aika rubutun wurin ɗauka, abin da suke kira jjok-daebon, jarumai su haddace nan take. A nan ake bambanta wadda ta yi shiri da wanda ya shigo da ka. Wanda bai yi awo ba, in ya kai tsakiya sai ya jefo haɗarin mota da mantuwa, ko ya cika kashi da tuna baya. Matan gidanmu ba su san sunan wannan ba, amma nan take za ka ji an ce, "Sun fara jan labarin nan kamar ƙosai ya ƙare a kasko." Mun ga irinsa a wasu finafinanmu masu dogon zango, inda mutum biyu za su zauna a falo su maimaita abin da muka riga muka gani. Wadda ta shuka kyandir tun farko ba ta shiga wannan halin, domin tana da abin girba a kowane mako.

Aiki na ƙarshe a kowane kashi shi ne sanin inda za a yanke. Ba a tsayawa bayan an ba da amsa, ana tsayawa ne daidai lokacin da baki ya buɗe zai bayar. Hoto ya daskare a kan fuska biyu, waƙa ta taso. Jiya ma haka aka yi, cajin wayar saura kaɗan, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Goggo ta miƙe tana naɗe tabarma, sai ta tsaya ta ce, "Ke 'yar nan, sa mana na gaba, mu ga ko minti biyar ne."