Amincewar dole: Zoom da dokar kare bayananmu

Idan kana digiri na biyu ko na uku a Jami'ar Ahmadu Bello, wataƙila ka taɓa shiga semina ta Zoom daga ɗakinka na haya a Hanwa ko Samaru. Da an fara ɗaukar taron sai saƙo ya faɗo: ko ka amince, ko ka fita. To ɗalibin da malamansa ke jiran ya gabatar da bincikensa, ya fita ya je ina?

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta ce amincewa sai da son rai. Wannan maɓallin kuwa, a ganina, sa hannun dole ne kawai.

Kamfanin ma ba a shaide shi da riƙon amana ba. A 2020 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta zarge shi da yaudarar jama'a: yana cewa taro a kulle yake tun daga na'urar mai magana har ta mai sauraro, alhali mabuɗin na hannunsa. A 2021 ya yarda ya biya dala miliyan 85 don kashe wata ƙarar. Yanzu akwai kullen na gaske, amma sai mai taro ya kunna shi, kuma da ya kunna ba a iya adana bidiyon a rumbun kamfanin. Ka ga dalilin da mai son ɗauka zai bar shi a kashe.

Sai dai abin da ya fi damuna yana nan gida. Ɗalibar lafiyar al'umma ta haska bayanan matan da ta tattauna da su a Sabon Gari: shekaru, unguwa, cutar da ke damunsu. Doka ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. An tashi taro, bidiyon ya koma kwamfutar wani, daga nan sai guruf ɗin WhatsApp. Matan nan ba wanda ya nuna musu maɓalli ma.

Hukumar NDPC ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8 a 2024, wato tana da haƙora. Ni ba tara nake nema wa jami'o'i ba. Kowane sashe ya rubuta a takarda: wa ke riƙe bidiyon, wata nawa, ranar da za a goge.