Ƙarshen Alewa Ƙasa a Idon Mai Karatu na Ƙasar Yawuri

Daga cikin ƙagaggun labaran da gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta haifar, waɗanda aka buga a 1982, akwai biyu da suka cancanci a sake kakkaɓe musu ƙura: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Na farkon labarin fasa-ƙwauri ne da cin hanci, kuma zubinsa ya fi tsafta. Amma na biyun shi ya fi bukatar nazari.

Tauraronsa, Mailoma, Bamaguje ne da ya je yaƙin basasa, ya koyo sarrafa makami, ya komo ya tara miyagu, ya zama shi ne doka a inda yake. Littafin ba ya rasa aibi. Kisa ya yi yawa a cikinsa har yakan daina tsorata mai karatu, wasu taurarin ma kamar an shigo da su ne don kawai a hallaka su. A zamanin da ya fito, ana iya ɗaukar wannan duka a matsayin zuƙi-ta-malle. Mai karatu a Yelwa ko Wara ko Shanga ba zai ɗauke shi haka ba, tun daga watan Yunin 2021 da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka suka kwashe ɗalibai.

Turawa suna da wani nau'in labari mai siffanta ƙasar da zama ya gagara a cikinta, kamar 1984 na George Orwell, inda ƙarfin hukuma ya wuce kima. Gagare ya hango kishiyar wannan, wato ƙasar da hukuma ta yi nisa, mai bindiga ya gaje gurbinta.

Ya kamata a haɗa shi da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo (1978), mai gargaɗi ga samarin da ke barin noma su tafi birni. Harshensa ya fi natsuwa, sai dai maganinsa, komawa gona, yana bukatar gonar tana nan. Gungawan da ruwan Kainji ya cinye tsibiransu a 1968 za su karanta wannan gargaɗi da wani ido dabam.