Girka: Baƙon da Ba a Kora

Masu sukar bori kashi biyu ne. Malami ya ce shirka ce, ɗan boko ya ce camfin ƙauye ne. Ta malam magana ce ta aƙida, na bar wa masu ita. Da ɗan boko nake ja, domin abin da yake yi wa dariya a Minjibir shi yake tafa wa in ya fito daga Amurka.

Tarihin sananne ne. Cikin masu bincike, Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano ya fitar da littafi a 1946, Besmer ya bi 'yan borin Kano da makaɗansu ya fitar da nasa a 1983. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, garaya ta bar dandali ta shige cikin gida.

Girka, wato shigar da mutum bori, ita ce ta dame ni. A ɗauki mace a karkarar Bichi ko Ɗambatta wadda ta binne 'ya'ya biyu a damina guda, ta daina ci, ta daina magana, dare ya yi ta firgita. Za a killace ta kwana bakwai, ga jiƙo, ga turare, mai garaya na bin kiɗan iskoki ɗaya bayan ɗaya har jiki ya amsa. In ya amsa, ba mai daka tsawar "fita". Gaishe da iskan ake yi, a yi masa kirari, a tambayi buƙatarsa. Cikin iskokin, Ɗan Galadima mai almubazzaranci na son ado da turare. Malam Alhaji na zuwa da tarinsa da carbinsa, Kuturu da yatsu a naɗe yana korar ƙuda. Kowa a ba shi kayansa da lokacinsa, ya hau, ya faɗi abin da godiyarsa, wato matar da ya hau, ta kasa furtawa gaban miji da kishiya, ya sauka da atishawa. Wanda jiya yake kayar da ita a bakin murhu ya zama mai zuwa sai an kira.

Richard Schwartz, mai ba iyalai shawara a Amurka, ya faɗa kan irin wannan hanya a shekarun 1980 wajen masu ciwon cika ciki su amayar. Ya ce a zuciya akwai sassa: korarru masu ɗauke da tsohon rauni, masu gadinsu, da masu kashe gobara in raunin ya motsa. Maganinsa a saurari kowane sashe, kada a yaƙe shi. Schwartz ya ce daga ciki suke, 'yan bori suka ce daga Jangare, garin iskoki. Zaman tambayar dai kusan ɗaya ne.

Ba na cewa girka na maganin komai. Farfaɗiya da zaucewa mai tsanani na asibitin Dawanau ne, bokan da ya riƙe irinsu ya cuci rai. Amma girka ta fi Schwartz abu guda: shaidu. Nasa mutum biyu ne a ɗaki, a rufe ƙofa. A karkarar Kano, inda gona ke jingine da gona, miji da uwar miji da maƙwabta na zaune lokacin da iskan ke magana, kuma daga aljihunsu zanen da ya nema zai fito.