Sharhi a Kan Littafin Narrow Boat na L.T.C. Rolt

Ba kasafai manazarta ke samun littafin da za su nuna da yatsa su ce ga abin da ya aikata a duniya ba. Narrow Boat, wato siririn jirgi, wanda aka buga a Ingila a 1944, yana cikin irin waɗannan. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba shi, duk da cewa mu ba mu da irin hanyoyin ruwan da yake magana a kansu.

Tilas mu fara da bayanin fagen. Hanyoyin ruwan nan ba koguna ba ne, mutane ne suka haƙa su da hannu don jigilar kaya. Wadda ta buɗe fage ita ce ta Bridgewater a 1761, mai kai kwal zuwa Manchesta. Inda ƙasa ta yi tudu akan gina wani ɗaki mai ƙofa gaba da baya, jirgi ya shiga, a cika ɗakin da ruwa ya ɗaga shi, ko a rage ruwan ya sauko da shi. Saboda ƙuncin waɗannan ɗakuna, faɗin jirgin bai kai ƙafa 7 ba, tsawonsa kuwa kimanin ƙafa 70. Doki ke jan sa daga gaɓa, kafin zuwan inji. Da jirgin ƙasa ya ƙwace ciniki, kuɗin dako ya faɗi, sai matuƙa da yawa suka kwaso iyalansu suka tare a cikin jirgin.

Marubucin injiniya ne, an haife shi a 1910. A watan Yuli na 1939 shi da amaryarsa Angela suka tashi daga garin Banbury a wani tsohon jirgin dako mai suna Cressy, suka yi tafiyar kimanin mil 400 a tsakiyar Ingila. Suna kan hanya Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Zubin littafin ke nan, zango bayan zango, babu wani ƙulli da ake jiran warwarewarsa.

Ta fuskar salo, dole mu yaba. Rolt ya daidaita tafiyar alƙalaminsa da tafiyar jirgin, wadda ba ta wuce saurin mai tafiya a ƙasa ba. Ba ya gaggawa. Idan ya tsaya wurin maƙeran jirgi sai ya nuna mana yadda ake toshe tsagar katako, da yadda mai fenti ke zana furanni da fadoji a jikin ƙofa da tulun ruwa. Idon injiniya ne, mai sanin sunan kowane ƙarfe da amfaninsa. Mun sha gaya wa ɗalibanmu cewa siffantawa ba tara kalmomin yabo ba ne, sanin abu ne. Abubakar Imam ya ziyarci Ingilar nan a 1943, ya ba mu Tafiya Mabuɗin Ilmi, amma shi baƙo ne mai kallon abin da masu masauki suka nuna masa. Rolt ɗan gida ne da ya zaga ta bayan gari, ya ga abin da 'yan'uwansa suka manta da shi.

To, a wajen jigo ne muke da ja. Jigon littafin shi ne cewa zamanin masana'antu ya lalata Ingila, kuma sauran mutanen kirki su ne masu sana'ar hannu da mazauna jiragen nan. Duk inda marubucin ya shiga babban gari sai ya ɓata rai, duk inda ya ga tsohon matuƙi sai ya yi ta sambarka. Abin mamaki, hanyoyin ruwan da yake gudun masana'antu a kansu, masana'antun ne suka haƙa su, don kwal da ƙarfe da tangaran.

Daɗin daɗawa, mai karatu ya auna wannan. Rolt ya mai da duk wurin zuba kaya na Cressy gida, har da wurin wanka da kantar littattafai, su biyu rak. Matuƙin da yake yabo kuwa, shi da matarsa da 'ya'yansa suna kwana a wani ɗan ɗaki da bai wuce ƙafa 10 ba a ƙarshen jirgi, domin sauran wurin na kaya ne. Yaran suna jan doki da buɗe ƙofofin ruwa tun suna ƙanana, galibinsu ba su iya karatu ba. Tun 1877 majalisar Birtaniya ta yi doka a kan zaman jiragen nan, bayan fafutukar George Smith na Coalville. Rolt ya san duk wannan, ya ma ambaci rashin karatun, amma bai bari ya dame shi ba. A matsayinmu na malaman makaranta, wannan ya tsaya mana a rai. Mutumin da ya rubuta littattafai masu yawa bai kamata ya ga jahilcin ɗan wani a matsayin ado ba. Kuma a duk tsawon littafin, da wuya mu ji matar matuƙi ta faɗi yadda take ganin rayuwarta da bakinta. Ita kanta Angela ba mu cika jin muryarta ba.

Sai abin da ya biyo baya. Robert Aickman ya karanta littafin, ya nemi Rolt, suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa a 1946. Daga baya suka saɓa, aka kori Rolt daga ƙungiyar a 1951. Ƙungiyar dai ta ci gaba, an farfaɗo da hanyoyi da dama da suka cushe, kuma a yau akwai kimanin mil 2,000 a hannun hukumar da ke kula da su a Ingila da Wales tun 2012. Amma dakon kaya bai farfaɗo ba. Sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwan na tsawon makonni, jirage suka tsaya cik, 'yan kasuwa suka koma ga manyan motoci. Iyalan da Rolt ya yi wa kirari suka sauka tudu. Waɗanda suka gaje ruwan su ne masu hayar jirgi don hutun mako guda, da masu mai da jirgi gida, wato masu kwaikwayon Cressy, ba masu kwaikwayon matuƙan ba. Zanen furanni da fadoji yana nan a jikin jiragensu.