Kukan Tagwaye: Salo da Jigo a Waƙar "Doomsday" ta Architects

A Rikoto na fara jin wannan waƙa, a wayar wani abokina, mako biyu bayan mun binne yayana. Da farko kunnena ya ƙi ta, na ce ihu ne kawai aka ɗora wa jita. Sai da na san tarihinta na koma na saurara da natsuwa.

Architects ƙungiya ce ta garin Brighton a Ingila, masu kiɗan metalcore. Mai kaɗa musu jita kuma marubucin yawancin waƙoƙinsu, Tom Searle, ya rasu da ciwon daji a watan Agusta na 2016 yana da shekara 28. Ɗan'uwansa na tagwaye, Dan, shi ne makaɗin gangarsu. Daga kiɗan da Tom ya fara bai ƙarasa ba aka gina "Doomsday", ta fito a 2017. Wato hannun mamaci na cikin waƙar makokinsa.

Jigonta rashi ne, amma warwararsa ita ce gajiyar mai makoki da kalaman ta'aziyya da aka saba. Na san wannan gajiya. Ana ce mana "sai haƙuri", mu amsa da "mun gode", alhali ƙirji na tafasa.

Salon ya bi jigon sau da ƙafa. Jita na sara a gaggauce, ganga na dukan ciki, Sam Carter kuwa yana sauya murya tsakanin kururuwa da rerawa mai taushi. Wanda ya taɓa jin kirarin 'yan kokawa a lokacin Uhola, ko zugar Ɗan Anace a fagen dambe, ba zai ce tsawa ba fasaha ba ce. Bambancin shi ne, kirari na tsoratar da abokin karawa, wannan kuwa mutuwa yake yi wa tsawa, ita da ba ta jin tsoro.

Aibinta a wurina shi ne amshin. An goge shi ya yi santsi, har ya fi dacewa da taron dubbai fiye da ɗakin makoki. Duk da haka, ta koya mini cewa haƙuri ba shiru ba ne. Mai haƙuri ma yana da murya.