Mai Karanta Hayaƙin Janareta

A Tudun Wadan Zariya har yau in wuta ta tafi sai ka ji an ce NEPA sun ɗauke, ko da yake tun 2014 aka sayar da harkar rarraba wutar yankin ga 'yan kasuwa. Kafin mai magana ya rufe baki, manyan injuna sun tashi: na tsohon asibitin koyarwa na ABU, na harabar Kongo, na bankuna da gidajen burodi. Bayan kowane inji kuma akwai wani bawan Allah mai rigar aiki duk baƙin mai, wanda ba a tunawa da shi sai ranar da injin ya ƙi tashi.

Gwanin cikinsu ba ya fara taɓa sifana sai ya dubi bakin salansa. Injin gas ba shi da fulogi. Iska ake matsewa a cikin silinda har ta yi zafin da zai kunna man da nozul ya feso. Saboda haka duk abin da ya ɓaci tsakanin iska da mai, hayaƙi ne zai tona shi. In baƙi ne wuluk, mai ya fi iska yawa: ko ƙurar hunturu ta toshe filta, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi, ko an ɗora wa injin lodin da ya fi ƙarfinsa. In shuɗi-shuɗi ne, ringi ya cinye, inji na ƙona baƙin mai. Fari kuwa, in ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, sai a tuhumi gasket ko ruwan da ya shiga tanki, shi ya sa gwani ke tsiyaye gindin tankin kafin ya zargi kowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin da ya yi cewa hutu ma cuta ne ga injin gas. Babban janareta da aka bari yana jan 'yan fitilu da fanka ba ya yin zafi sosai, mai ba ya ƙonewa duka, sai wani baƙin kitse ya riƙa tsattsafowa daga salansa. Maigida na ganin ana lallaɓa inji ne. Bakanike ya san ana kashe shi, don haka yakan haɗa masa lodi mai nauyi na 'yan awoyi ya ƙone dauɗar. Da kunne kuma yake gane ko injin na kan juyi 1,500 a minti, wanda shi ke ba da wuta daidai da ta layi.

A watan Oktoban 2024, da yawancin Arewa ta haura mako guda a duhu, injunan da aka saya don ko-ta-kwana suka koma aikin dare da rana. A irin wannan lokaci awa 250 da aka saba canza baƙin mai a kanta takan cika cikin kwana 11.

Hayaƙin nan kuma maƙwabta ke shaƙar sa. Tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta WHO ta sanya hayaƙin gas cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin huhu. A unguwa mai cunkoso irin Tudun Wada, inda tagar wani ke kallon ɗakin injin wani, bakaniken kirki yakan nace a ɗaga bututun salansa ya wuce rufin kwano, ko da maigida na ƙorafin kuɗin walda.