Sharhi Kan Bayanan Kayan Aikin Zana Ragar Ilimi: Matsalar Alƙiblar Kibiya

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wani tsari mai suna Model Context Protocol, wanda ke ba manhajojin ƙirƙirarriyar basira damar amfani da kayan aiki na waje. Kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da ɗan gajeren bayani, da jerin abubuwan da yake karɓa. Manhajar ba ta gwada kayan aikin kafin ta zaɓe shi, bayanin kawai take karantawa. Ke nan wannan ɗan bayani matani ne, kuma ya cancanci a yi masa nazari irin na ɗalibin harshe. Wannan takarda za ta duba bayanan kayan aikin da ke mayar da ragar ilimi zane.

2.0 Mece ce ragar ilimi?

Ragar ilimi hanya ce ta tara bayanai a cikin jimloli masu sassa uku, wato aikau da aikatau da karɓau. Misali: Hausa, tana cikin, dangin harsunan Cadi. Sunan ya yaɗu daga 2012, shekarar da Google ya ƙaddamar da tasa ragar, aka kuma buɗe Wikidata. Wajen zane, sunaye kan zama akwatuna, dangantaka kuma ta zama kibiya. Manhajojin Graphviz da Mermaid suna daga cikin waɗanda aka fi amfani da su, kuma dukkansu rubutu ake ba su, su kuma su fitar da zane.

3.0 Inda bayanan ke gazawa

Raunin da aka fi cin karo da shi shi ne taƙaitawa fiye da ƙima. Bayanin da ya tsaya ga cewa kayan aikin yana zana ragar ilimi ya bar tambayoyi uku babu amsa. Na farko, hoto yake mayarwa ko rubutun da za a kai wa wata manhaja ta zana? Na biyu, kibiyoyi nawa zai iya ɗauka? Mermaid, alal misali, a tsarinta na asali tana tsayawa a kan kibiyoyi 500. Na uku, siffar bishiya yake fitarwa ko ta raga?

Tambaya ta uku ta fi shafar ɗalibi. Rabon da Paul Newman ya yi wa harsunan Cadi zuwa rassa huɗu a 1977 bishiya ce: kowane harshe yana da uwa ɗaya. Aro kuwa ba haka yake ba. Hausa ta samo kalmomi daga Larabci da Barbarci da Faransanci, kamar lakwal da mushe. Idan aka cusa wannan a siffar bishiya, mai karatu zai zaci Faransanci kakan Hausa ne.

4.0 Misali mai ɗan dama-dama

Daga cikin kayan aikin misali da suka zo da tsarin na 2024 akwai na ajiyar bayanai a siffar raga. Shi ba ya zane, amma abin da ya ajiye shi ake zanawa. Bayaninsa ya umurci a rubuta dangantaka da jimlar da aikau ke kan gaba. Wannan abin yabo ne, domin ya fahimci cewa alƙiblar kibiya a cikin aikatau take. Sai dai ƙa'idar an gina ta ne a kan nahawun Ingilishi, kuma ba ta wadatar da Hausa ba.

A duba aikatau ara. A giredi na biyu yana nufin karɓa: Hausa ta ari kalma daga Larabci. A giredi na ɗaya yana nufin bayarwa: Larabci ya ara wa Hausa kalma. Jimlolin biyu duk aikau ne a kan gaba, don haka duk sun cika ƙa'idar. Karin sauti ne ke rarrabe su idan aikatau ya tsaya shi kaɗai, rubutun yau da kullum kuwa ba ya nuna karin sauti. Da zarar an rubuta ara a kan kibiya, ba za a san wanda ya bayar da wanda ya karɓa ba. Zanen zai fito tsaf, amma yana iya juya tarihin harshe.

5.0 Kammalawa

Bayani nagari shi ne wanda ya faɗi abin da ke shiga, da abin da ke fita, da iyakar ƙarfinsa, da inda kibiya take dosa, tare da misali guda cikakke. Ga Hausa, ya kamata a ƙara cewa a rubuta aikatau tare da ƴan kalmomin da ke biye da shi, kamar ara wa ko aro daga, a kuma tabbatar baƙaƙe masu ƙugiya sun fito daidai. Ana shawartar ɗalibai da su karanta kowace kibiya da babbar murya a matsayin jimla. Idan jimlar ta ba da ma'ana biyu, a gyara sunan dangantakar kafin a amince da zanen.